Ta roƙe ni in tsaya mata, amma wai kada kowa ya sani

Rukayya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka daɗe da samun sauƙi. Na yi fama da bulimiya, wato ciwon cin abinci da yawa sannan a yi ƙoƙarin fitar da shi ta amai ko wata hanya, shekara da shekaru, yanzu alhamdulillah na samu lafiya, likitana ma ya sallame ni. To akwai wata yarinya, ƙanwar ƙawata, da ta ji labarina ta same ni a keɓe. Ta ce ita ma halin da take ciki ke nan, sai dai nata ya fi karkata wajen ƙin cin abinci. Tana so in zama wadda za ta riƙa kira duk lokacin da abin ya taso mata. Sharaɗinta guda ne: kada kowa ya ji, ko yayarta, ko iyayenta, kuma ba ta son a yi mata zancen asibiti. Ban ba ta amsa ba tukuna. Raina yana son in amince, don na san irin kaɗaicin da ke cikin wannan ciwo. Amma sharaɗin nan ya tsaya mini a rai. Duk wanda ya taɓa tsaya wa wani, ko aka taɓa tsaya masa, don Allah ya gaya mini yadda abin yake.

Anti Bilki (mai kula da zaure):
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin a yi nisa, tunatarwa ga kowa: a nan ba a rubuta kilo, ba a rubuta kalori, ba a bayyana dabarun ɓoye ciwo, ba a saka hoton jiki na da da na yanzu. Wanda ya saka zan goge, kada a ga laifina.

Amsata a gajarce, ki karɓi yarinyar, kada ki karɓi sharaɗin. Wannan ciwo a ɓoye yake girma, duk wadda ta yi shi a cikinmu ta san haka. Ranar da kika ɗauki alkawarin yin shiru ko me ya faru, ciwon kika yi wa alkawari, kuma zai riƙe ki da maganarki. Amma kada ki kore ta. Yarinyar da ta iya buɗe baki ta ce "ni ma haka nake" ta yi abin da wasunmu suka shafe shekaru ba su iya ba. Ni nasihar da aka yi mini ba ta da iyaka, duk ta bi iska. Abin da ya fara juya ni shi ne ganin wata da ta taɓa zama inda nake, tana zaune tana cin abincinta tana hira hankali kwance. Kafin wannan rana ban yarda ana warkewa ba.

Hauwa'u:
Anti ki yi haƙuri, ni ban goyi bayan ta karɓa ba, da sharaɗi ko babu. Bari in faɗi dalilina, don ana yawan yabon irin wannan zumunci ba a faɗin ɗaya ɓangaren.

Lokacin da nake karɓar magani na haɗu da wata mai irin ciwona. Muka shaƙu sosai, muka yi alkawarin za mu riƙa ƙarfafa juna. Wallahi da zuciya ɗaya muka fara. Amma a hankali sai na lura, idan ta ce yau ta kasa ci, maimakon tausayi kunya ce ke kama ni, wai ni na ci. Idan muka haɗu idona yana kan wuyan hannunta, nata yana kan nawa. Ba wadda ta taɓa furta shi, amma gasa muke. Anoreksiya, wato ciwon ƙin cin abinci, tana da wannan mugun hali, tana mai da rama abin alfahari, tana sa mutum ya ji bai kai a kira shi mara lafiya ba sai ya fi kowa ramewa. Mu biyun duka muka koma baya, sai da masu kula da mu suka ce mu dakata da hulɗa.

Ba don banza ba Tumblr da Pinterest da Instagram suka hana shafukan da ke tallata yunwa a 2012. Waɗancan shafukan ma da sunan taimakon juna suke tafiya, 'yan mata suna kiran juna 'yan uwa suna ƙarfafa juna a kan halaka.

Rukayya, ke kin sha wuya kafin ki kawo inda kike. Za ki riƙa jin labarin abin da ta ci da abin da ta ƙi ci kullum. Kin tabbata tsohuwar muryar nan ba za ta farka ba?

Zee:
Don Allah ku bar ni in yi magana a madadin yarinyar, don ni har yanzu ina ciki. Anti Rukayya, idan kika ce mata ba za ki riƙe sirri ba, ina jin tsoron ba za ki sake ganinta ba. Za ta ce ai wasa take, ta samu sauƙi, shi ke nan ta rufe ƙofa. Na yi wa mutane haka.

Ku ba ku san yadda ake ji ba... a'a, kun sani, amma wataƙila an fara mantawa. Idan ka faɗa wa wanda bai taɓa yi ba, abin da zai ce shi ne "to ki ci mana" ko "wasu na nema ba su samu ba". Sai ka ji kamar ƙasa ta tsage ka shige. Mutum ɗaya tak na taɓa faɗa wa wadda fuskarta ba ta canza ba, ita ma ta taɓa yi. Cewa kawai ta yi, "na sani, bayan an ci ɗin nan ne ya fi wuya ko?" Na yi kuka ranar, don ba a taɓa gane wannan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan aka hana mu wannan ma, me ya rage?

Nas Hadiza:
Zee ƙanwata, na ji ki, kuma ba wanda zai ce a hana ku. Amma ni ma'aikaciyar jinya ce, dole in faɗi abin da ido ba ya gani.

Yawan amai da shan maganin wanke ciki suna zubar da sinadarin fotashiyam daga jiki, shi kuwa da shi zuciya take daidaita bugunta. Mutum zai iya zama yana hira yana dariya alhali jininsa ya kai matakin haɗari. Gwajin jini da na bugun zuciya ne kaɗai ke nuna wannan. Kuma kada a ce ai ba ta rame sosai ba. Akwai masu matsakaicin jiki, har da masu ƙiba, da yunwa ta taɓa musu zuciya.

Na biyu, wanda mutane da yawa ba su sani ba: wanda ya daɗe yana hana kansa abinci, idan ya koma ci da yawa farat ɗaya, jiki yana sakin insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, sai sinadarin fosfet ya bar jini ya shige ƙwayoyin jiki. A 'yan kwanakin farko wannan na iya taɓa zuciya da numfashi da ƙwaƙwalwa. Ke nan ko da Rukayya ta yi nasarar lallashinta ta ci, idan yunwar ta yi nisa, ana bukatar likita ya tsara yadda za a dawo da abincin.

Wani babban nazari da Jon Arcelus da abokan aikinsa suka fitar a 2011 ya nuna mutuwa a tsakanin masu anoreksiya ta ninka ta tsararrakinsu kusan sau 6, kuma cikin kowane mutum 5 da suka rasu, ɗaya shi ya kashe kansa. Ba tsoratarwa nake ba. So nake Rukayya ta san nauyin abin da ake son ta ɗauka ita kaɗai.

Suma, ciwon ƙirji, bugun zuciya da ya rikice, jini a cikin amai, ruɗewa, kasa miƙewa daga tsugunne, ko zancen ta gaji da rayuwa: idan aka ga ɗaya daga ciki, babu batun sirri, asibiti ne a wannan rana.

Maman Yusra:
'Yata Rukayya, shekarar yarinyar nawa? Kuma ke yaushe rabonki da ciwon? Amsar tana da muhimmanci kafin in ce komai.

Rukayya:
Mama, ta wuce sha takwas amma ba da yawa ba, kuma tana gaban iyayenta. Ni kuma na haura shekara biyu ba tare da na koma ba. Anti Hauwa'u, tambayarki ta taɓa ni. Gaskiya ranar da take ba ni labari na ji wani abu ya motsa, ba sha'awar komawa ba, amma na kwana ina tuna abubuwan da na daɗe ban tuna ba.

Habiba:
Ina karatun ilimin halayyar ɗan Adam, kuma ni ma ƙanwata ta yi wannan jinya, bari in kawo abin da bincike ya nuna don kada mu tsaya a kan labarin kowa da kowa.

An gwada wannan abin da muke muhawara a kai. Masu bincike a Jami'ar Kolombiya ta Amurka sun fitar da sakamako a 2020. Mutum 60 masu karɓar magani aka kasa gida uku: wasu aka haɗa su da wanda ya taɓa yin ciwon ya warke, wasu aka haɗa su da mai ba da goyon baya wanda bai taɓa yi ba, sauran aka bar su a jerin jira. Bayan wata 6, waɗanda aka haɗa da wanda ya warke sun fi zuwa haɗuwa, kuma damuwarsu da ƙin jinin jikinsu sun fi raguwa. Wannan ya yi daidai da abin da Zee ta faɗa. Gwajin ƙarami ne, kuma a lura, dukkansu suna ganin likita a lokacin. Ƙari aka yi musu a kan magani, ba a maye gurbinsa ba.

Akwai kuma wani da nake son duk mai tsaya wa wani ya riƙe. A Boston an bi diddigin mata sama da 200 tsawon shekara 22, aka fitar da sakamakon a 2017. A shekara ta 9, kusan kashi 31 cikin ɗari na masu anoreksiya ne suka warke. A shekara ta 22 sun kai kusan kashi 63. Masu bulimiya kuwa kusan kashi 68. Wato rabin waɗanda suka warke daga anoreksiya sai bayan shekara tara suka warke. Likita zai iya karanta wa mara lafiya waɗannan alƙaluma, ta gyaɗa kai ta fita. Amma wadda ta warke, zamanta a gabanta kaɗai hujja ce. A ganina aikin abokiyar tafiya ke nan, kuma ba wanda zai iya yinsa sai ita.

Batun shekara biyu da Rukayya ta ambata, ƙungiyar ANAD ta Amurka mai tallafa wa masu irin wannan ciwo, wadda aka kafa a 1976, ita ma shekara biyu da warkewa take nema kafin ta ba mutum wanda zai jagoranta.

Hauwa'u:
Habiba na gode, amma hujjarki ta ƙara mini ƙarfi ne. Duk waɗannan shirye-shirye ana horar da mutum kafin a ba shi wani, akwai ƙwararre a samansa da yake kai wa rahoto, kuma abin yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. A jihar Biktoriya ta Ostareliya shirin nasu wata 6 ne, duk mako biyu ake haɗuwa, har biyan masu jagorancin ake yi a matsayin aiki. Rukayya fa? Ba horo, ba mai duba ta, ba iyaka, ga yarinyar da ta ce ba ta son asibiti. Sunan ne kawai ɗaya.

Abu Khalil:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri da namiji ya shigo, mu ma muna ciki, sai dai ba mu cika magana ba. Nawa ciwon na cin da ba a iya tsayawa ne, a ɓoye, sai kunya ta biyo baya. Sai a 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sanya shi a kundinsu a matsayin ciwo mai zaman kansa, kafin nan da yawanmu haɗama kawai ake kiran abin.

Wani abu nake son in ƙara wanda ba a taɓo ba. Tsarin wanda ya warke ya riƙe mai fama ya yi suna ne ta ƙungiyar masu barin giya da aka kafa a Amurka a 1935, kuma a 1960 aka yi irinta ta masu yawan ci. Amma akwai bambanci babba. Mai giya ana ce masa ya rabu da ita gaba ɗaya. Mu kuwa dole mu zauna gaban abin da ke ba mu tsoro safe, rana da dare har ƙarshen rayuwa.

Mutumin farko da ya tsaya mini mutumin kirki ne, amma abin da ya yi masa aiki shi ya ɗora mini: jerin abincin da ba zan taɓa ba. Duk lokacin da na karya doka sai in ce ai na riga na ɓata, in ci fiye da da. Sai da na je wajen ƙwararre na ji tsarin da Christopher Fairburn na Jami'ar Oksfod ya shimfiɗa, inda ake farawa da ci a kan lokaci: sau uku babba, da ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku a tsakani, kada a wuce awa huɗu ba a ci ba. Hana kai shi ke kiran wuce gona da iri.

Malama Rukayya, ke bulimiya kika yi, ita nata ƙin ci ne. Kuna da abin da kuka haɗu a kai, amma hanyarki ba lallai ta zama tata ba. Ki ba ta labarin yadda kika ji, ki bar wa masana tsarin abinci.

Maman Yusra:
To na ji. Zan yi magana a matsayin uwa, masu fama ku yi mini uzuri idan ta yi ɗaci.

'Yata ta daɗe a cikin ciwon nan kafin in sani, kuma daga baya na gano akwai waɗanda suka sani suka yi shiru saboda ta roƙe su. Ban riƙe su a zuciya ba, yara ne, amana suke ganin sun riƙe. Amma har yau idan na tuna watannin da aka ɓata sai ƙirjina ya yi nauyi, domin likitoci sun gaya mana da wuri aka fi samun nasara. Ga yara da matasa, maganin da ya fi ƙarfin hujja shi ne wanda aka faro a asibitin Maudsley na Landan, inda iyaye ne ke ɗaukar nauyin dawo da cin abinci, kuma ba a ɗora musu laifin ciwon. Idan an ɓoye wa iyaye, an rufe wannan ƙofar. Da yarinyar ba ta kai sha takwas ba, da cewa zan yi Rukayya ta gaya musu ko ta yarda ko ba ta yarda ba. Tunda ta kai, a bi ta lallashi, amma a nufi can.

Ni ma sai da aka koya mini. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi rantsuwa a kan kwano. Abin da ya kashe mini fushi shi ne labarin da likitarta ta ba ni na wani gwaji a Jami'ar Minesota tsakanin 1944 da 1945. Maza 36 lafiyayyu aka rage wa abinci wata 6 har suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Suka koma ba su da zance sai na abinci, wasu suna tara littattafan girki, suna jan cin ɗan abin da aka ba su, ga saurin fushi da guje wa mutane. Da na ji haka na ce ashe taurin kan da nake gani yunwa ce ke magana. Shi ya sa hira kaɗai, komai daɗinta, ba ta isa ba sai ƙwaƙwalwa ta samu abinci.

Farfesa Janet Treasure, ƙwararriya a kan wannan ciwo, tana kwatanta masu kula da mara lafiya da dabbobi: kangaru mai saka ɗa a aljihu ya hana shi komai, karkanda mai tunkara da ƙarfi, jimina mai kau da kai. Wanda ake so shi ne dolfin, wata dabbar teku, yana iyo a gefe yana ɗan turawa. Ni karkanda ce a da. Wadda ta yi mana dolfin wata budurwa ce da ta warke. Akwai maganganun da 'yata ba za ta taɓa gaya mini ba, ita take gaya wa. Ban taɓa tambayarta me suka tattauna ba. Yarjejeniyarmu ɗaya ce, kuma a gaban 'yata aka yi ta: idan rai na cikin haɗari za ta kira ni.

Zee:
Mama maganarku ta sa ni hawaye. Wannan yarjejeniyar zan iya yarda da ita, tunda a gabana za a yi. Abin da nake tsoro shi ne a je a faɗa a bayan idona, in shigo in tarar kowa yana kallon kwanona. Idan na san iyakar tun farko, kuma na san za a gaya mini kafin a gaya wa wani, da sauƙi. Amma kuma ba kowace uwa ce kamar ku ba. Wasu gidajen faɗa ne zai ƙaru.

Anti Bilki (mai kula da zaure):
Gaskiya ne Zee, shi ya sa ba dole sai uwa ba a matakin farko. Yaya ce, ko goggo, ko likita, wani babba guda dai wanda ita ta zaɓa.

Rukayya, da ni ce, ga abin da zan ce mata, ki gyara shi da bakinki: "Na ji daɗi da kika zaɓe ni, kuma ina tare da ke. Abin da kika gaya mini ba zan yaɗa shi ba. Amma ba zan yi miki alkawarin da zai cutar da ke ba. Idan na ga ranki na cikin haɗari zan nemi taimako, kuma ke zan fara gaya wa. Ni ba likita ba ce, ina so ki ga likita, in kina so tare za mu je in zauna a waje in jira ki."

Wannan na ƙarshen kada ki raina shi. Da yawa ba asibitin suke ƙi ba, tsoron shiga su kaɗai suke, da tsoron a ce musu ba su rame yadda za a kula su ba. Ki taya ta rubuta abin da za ta faɗa kafin ku je, don a gaban likita baki yakan mutu.

Sai ki sa wa abin tsari. Lokacin da za ku riƙa magana ya zama sananne, kada ya zama duk dare wayarki a kunne kina jiran kira. Ba ke za ki riƙa ƙirga mata loma ba, ba ke za ki ɗora ta a sikeli ba, idan kika zama mai gadi za ta fara yi miki ƙarya kamar yadda take yi wa kowa. Idan ta tambaye ki kilo nawa kika kai a lokacin da ciwonki ya tsananta, ko yadda kike ɓoyewa, kada ki faɗa, kuma za ta tambaya. Ki ce mata wannan ba zai amfane ta ba. Ku riƙa zancen da ba na abinci ba, karatunta, abin da take so kafin ciwon ya cinye mata lokaci. Wata rana ita kanta ta manta tana da abin da take so.

Nas Hadiza:
Zee, maganar nan ta koma kanki yanzu. Kin ce har yanzu kina ciki. Akwai likitan da ya san halin da kike? Idan babu, ina roƙonki a wannan makon ki je a duba jininki da bugun zuciyarki, ko da ba ki shirya faɗin komai da komai ba. Ki ce kawai cin abincinki ya rikice kuma kina son a duba gishirin jikinki, wato sinadarai irin su fotashiyam. Wadda kika ce fuskarta ba ta canza ba, ki roƙe ta ta raka ki.

Zee:
Babu tukuna Anti. Zan yi mata magana yau in sha Allah. Tambaya ɗaya ga waɗanda suka warke: idan mutum ya fara ci, mutane suka fara cewa "kai, kin yi kyau, kin ciko", yaya kuke yi? Ni wannan kalmar kaɗai tana iya mai da ni baya.

Anti Bilki (mai kula da zaure):
Allah ya ba ki iko ƙanwata. Wannan duk mun sha shi. Mai faɗa yabo yake nufi, ciwon kuma ya juya shi ya zama "kin yi ƙiba". Ba za ki iya rufe bakin jama'a ba, amma za ki iya samun mutum ɗaya da za ki tura wa saƙo a lokacin ki ce an faɗa, ya tuna miki cewa kunnen ciwon ne ya ji, sannan ki ci abincinki na gaba a kan lokacinsa ko ranki bai so ba. Zafin yana hawa ya sauka, ba ya dawwama.

Masu kula da marasa lafiya kuma ku ji: ku bar zancen jiki gaba ɗaya, na yabo da na suka, nata da naku da na mutanen da ke wucewa. In za ku yaba, ku ce mun yi kewar dariyarki, ko hirar yau ta yi daɗi. Kuma ku sani lokacin da jiki ya dawo kowa ya saki jiki yana hamdala, a lokacin ne take fi bukatar ku. Shekarar farko bayan magani ita ce ta fi haɗarin komawa baya.

Hauwa'u:
Na karanta duka. Har yanzu da son raina ne, da sai yarinyar ta fara ganin likita kafin Rukayya ta ɗauki wannan matsayi. Amma tunda na ga inda aka karkata, ga abin da nake roƙo.

Rukayya, ki koma wajen likitan da ya sallame ki, ko wani wanda ya san tarihinki, ki gaya masa abin da za ki shiga, ba sai kin ambaci sunanta ba. Ki samu wanda ke ma za ki riƙa sauke wa nauyi. Wannan kwanan da kika ce kin yi kina tunane-tunane, ki faɗa masa shi ma. Sannan ki sa ido a kanki: idan kika ga kin fara neman sikeli, ko kina tsayawa gaban madubi fiye da da, ko kin tsallake abinci bayan kun yi waya, ko kika ji wani abu mai kama da kishi idan ta ce ta rame, to ki dakata a take, ki miƙa ta ga wanda kuka riga kuka zaɓa tare. Shi ya sa dole a samu mutum na uku tun yanzu. Kuma ki gaya mata tun ranar farko cewa hakan na iya faruwa, don in ta kama ki ja baya kada ta ɗauka ita ce ta yi miki laifi.